Ba Wanda Ya Tsaya Maka, Yaya Clive

Ranar Asabar, 17 ga Fabrairu, yayana Clive Hanrahan ya rasu a bakin tekun garinmu, Woolgoolga, yana ɗan shekara sittin da huɗu. Ruwa ya kife da kwale-kwalensa mai feda a wurin da zurfinsa ko tsayin mutum bai kai ba. Wata mata mai yawo da karenta ce ta jawo shi kan rairayi.

Yaya, ni ba marubuciya ba ce, shara da gyaran gado nake yi a gidan tsofaffi. Amma tun ranar nake jin ana cewa tsufa ne ya kama ka, ka yi ganganci, ka manta ƙa'ida. Har wani ya rubuta a intanet wai darasi ne ga dattawan da ba su san iyakarsu ba. Ba zan bari a binne ka da wannan suna ba.

Wa ya koya wa garin nan ƙa'idar in ba kai ba? Kai ne mai cewa a ɗage feda sama, a kwantar da sandunan fatsa, a ɗaure rigar ceto, a tsaya a ƙirga raƙuman ruwa har manyan su wuce. In teku ya yi ɗan lumfashi sai a yi wuf a shiga, a tuƙa da filafili, hancin jirgi yana kallon ruwa. Sai an wuce inda ruwa ke fashewa ake sauke feda, domin in fikafikanta da ke ƙarƙashin jirgi suka taɓa yashi, jirgi juyawa yake. Ni da ban taɓa hawa ba na haddace, don yawan jinka a teburin abinci.

Shekaru kana tsayawa cikin ruwa iya ƙugu, kana riƙe wa abokanka gindin jirgi, kana tura su ɗaya bayan ɗaya, kai ne ƙarshen fita. Abu ɗaya ka roƙa: wanda ya haye ya tsaya a baya ya juyo, kada kowa ya tafi sai ya ga na ƙarshe ya fito.

Na tuna ranar da abokinka Warren ya fara zuwa da sabon jirginsa. Sau uku ruwa yana tofo shi. Ka tsamo masa hula, kana dariya ka ce, "Kai, Warren, da wannan tumbin naka ai ko ka so nutsewa ba za ka iya ba. Koma, ina riƙe da kai." Kifin da ka kama rabinsa gidan tsofaffinmu yake zuwa, ka zare ƙayar da hannunka don kada ta shaƙe wani. Da mijina ya tafi ya bar ni, sai kawai na ji ka a kan rufi kana toshe inda yake yoyo.

Kafaɗarka ta dama ta daɗe da lalacewa, su duka sun sani. Filafili ya gagare ka, shi ya sa a bana wani ke tsayawa ya tura ka. Ran Asabar ɗin ka ce su wuce, wani saurayi a cikinsu, Trent, ya tsaya maka. Sai tsuntsaye suka sauka can nesa, alamar manyan kifaye sun zo. Trent ya ce, "Baba, ga su can, za ka iya ai?" Bai jira amsa ba, ya hau jirginsa ya tafi. Abokanka huɗun da suka haye, har da Warren, ba wanda ya waiga. Kai kuma kunya ta hana ka kira. Ka shiga kai kaɗai, hannu ya ƙi, ka sauke feda tun ruwa bai yi zurfi ba don ba ka da wata dabara. Jirgin ya ba ruwa gefe, ya kife a kanka.

Sai azahar suka dawo da kifayensu.

A coci Warren ya kama hannuna ya ce, "Lorna, yi haƙuri, ai ya mutu yana abin da yake so." Na ce masa, "Abin da yake so shi ne ya dawo gida ya ci abincin rana da matarsa. Sake min hannu." Ga wanda yake neman wanda ya karya ƙa'ida, na faɗi sunaye, a daina ɗora wa mamaci.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Marlene, da 'yarka Kerrin mai juna biyu, da dukan zuriyar Hanrahan. Allah ya ba mu haƙuri. Ya saka wa baiwar Allahn da ta shiga ruwa da tufafinta saboda mutumin da ba ta sani ba.

Su kuwa abokanka, na san kai da tuni ka yafe musu. Ni ban kai nan ba tukuna, Allah ya kai ni.