Irin Da Dahiru Ya Bari A Hannuna

Shekara biyar ke nan cif da aka kawo mini gawar ƙanena Dahiru daga hanyar Gatawa. Malamin aikin gona ne a wata sakandare a nan Sabon Birni. Ya fita da hantsi duba sharar gonar makaranta, 'yan bindiga suka tare shi. Iyakar abin da za ni faɗa game da ranar ke nan.

Ni manomin gero ne kamar ubanmu, kuma ina da taurin kai, kowa ya sani. Shi kuwa Dahiru, tun da ya dawo daga kwalejin noma ba shi da zance sai na waken suya. Na laƙaba masa Sarkin Awara, sunan ya bi shi har makaranta. In na tsokane shi dariya kawai yake, ya ce wata rana da bakina za ni roƙi irin.

A lokacin, fartanya a makarantarsu abin horo ce, wanda ya makara shi ake miƙa wa. Dahiru ya yi tsaye sai da aka daina. Ya ce ta yaya za ka hori ɗa da abu, gobe kuma ka ce ya riƙe shi sana'a? Duk zango sai ya kawo wa ɗalibai baƙo a aji: yau likitan dabbobi, gobe mai gyaran injin casa, jibi wata dattijuwa da ta aurar da 'ya'yanta da awara da madarar waken suya. Na taɓa ganinsa ya tumɓuke tushe guda yana nuna musu ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, yana cewa taki ne Allah ya ɗaura wa waken, shi ya sa yake barin ƙasa da ƙarfi. Duk wanda zai gama makaranta, mace ko namiji, sai ya cika masa gwangwanin madara da iri, ya ce ya je ya shuka.

A kakarsa ta ƙarshe, bayan girbi, ya kawo mini rabin buhu na irin waken suya da ya zauna ya tsince da hannunsa, saboda ɗakin ajiyar makaranta ɓeraye sun yi yawa. Ya ce, "Yaya, wanga ba gero ba ne. Kar ya wuce damina guda." Na ce, "Kai Dahiru, ni za ka koya wa ajiyar iri? Kana goye nake ɗaure dami." Bai ja ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Da ya rasu gonakin daji suka gagare mu, har da ta makaranta. Sai na yi abin da na taso na ga ana yi. Na juye irin a tulu, na gauraya da toka, na liƙe bakin da laka. Gero yana shekaru a rumbu a ɗauko a shuka ya fito, to me zai sami wannan? Na ce in lafiya ta samu, a gonarsa za ni shuka shi, ba wani wuri ba. Haka nake gaya wa mutane. Gaskiyar magana kuwa, shi ne abu na ƙarshe da hannun ɗan'uwana ya taɓa, ba na son in zuba shi a ƙasa. Damina huɗu tulun nan yana bayan ƙofata.

Bara na gaji da jira. Na gyara wani kango a bayan gida, ruwa ya zauna, na fasa lakar. Wallahi irin fes yake, ko ƙwaro ɗaya babu, har na ce a raina, ka gani ko, Sarkin Awara? Na shuka. Kwana biyar, kwana bakwai, kwana goma sha biyu, ciyawa ta fito, wake shiru. Da na tona sai na tarar ya ruɓe a rami.

Ana cikin haka Luba ta zo gaishe mu. Tsohuwar ɗalibarsa ce 'yar Tozai, iyayenta sun yi ƙaura zuwa cikin Isa, yanzu tana karatun zama malamar gona. Na nuna mata kangon ina ta ɗora wa ƙasa laifi. Ta nemi ragowar irin, ta tambayi shekarunsa, sai ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Baba, ƙasarku lafiya lau take. Waken suya mai gare shi, zafi na kashe shi a ajiye. Wanga ya mutu tun shekara ta biyu. Shi ne abin da Malam ya fara koya mana." Na zauna a kan turmi, dattijo da ni, na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza. Ya gaya mini da bakinsa, na ce na fi shi sani.

Nata gwangwanin kuwa ba ta ajiye ba. Kowace damina sai ta shuka, ko a gefen katanga ne, ta tsince na baɗi, ta raba wa ƙannenta na makaranta saura.

Nakan tambayi kaina me Dahiru zai ce da zai leƙo yau. Zai ga gonar makarantarsa ta koma daji. Zai ga ɗalibansa sun watse, wasu suna acaɓa, wasu sun tsallaka Nijar, an binne biyu. Na san zai yi baƙin ciki, amma ba zai zauna ba, zai nemi gwangwani ne. Zai yi murna da Luba. Ni kuwa na san ba zai yi mini faɗa ba, dariyar nan tasa zai yi, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Bana Luba ta aiko mini da gwangwani guda, bayan na roƙa da bakina kamar yadda ya ce. Na shuka, ya fito a kwana biyar. Shi ne abin da ya rage na Dahiru, kuma a hannun 'yar wasu ya rayu, ba a nawa ba. Ragowar na tulu matata ta yi awara da shi, aka kai wa 'yan makaranta sadaka. Ta ajiye mini yanka biyu a kwano, ban iya ci ba.

Allah ya jiƙanka, Dahiru, ya sa kana cikin rahama. Ka yafe wa yayanka.