Zagayen Godiyar Mma Awawu

Duk amaryar da aka wanke a zangon Yendi cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya in ba hannun Mma Awawu ne ya taɓa ta ba. Ita ce alwankarmu. A Bawku aka haife ta, aure ya kawo ta nan, katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Mace ce mai baki, in ta rangaɗa guɗa har kajin unguwa sai sun watse.

Wata Talata tana tuƙa tuwo ta dafe ƙirji, gumi ya karyo mata. Ɗanta Mutaru ya sa ta a yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, sai asibiti. Bugun zuciya ne. Allah ya yi da sauran kwana, amma fa saura wata uku bikin jikarta Mudassira a Salaga. Uwar yarinyar, Taslima, ta rasu tun tana goye, kuma kafin ta cika, a gabana Mma ta yi mata alkawari cewa ita za ta wanke 'yar ranar aurenta.

Ranar sallama nas Fauziya ta zaunar da mu. Ta ce, "Mma, magani kullum, a rage gishiri da mai. Sannan tafiya. Ki fara da minti biyar, ki riƙa ƙarawa. Ki yi tafiyar da za ki iya hira a cikinta. In ƙirji ya ɗaure, ki tsaya, a kawo ki nan da nan. Ranar da kika iya rabin awa, likita zai duba maganar Salaga."

Mma ta ce, "Hira? 'Yata, ai kin ba kura ajiyar nama."

To, ina! A zango wa zai bar tsohuwar da ta tashi daga ciwo ta taka ƙasa? Rana ta farko ko bakin kwata ba mu kai ba masu moto uku suka tsaya da baburansu. "Mma, hau in kai ki!" Ta ce ba inda za ta. Suka dube ni kamar ni na koro ta daga gida. Kafin azahar magana ta kai wa Mutaru cewa ya bar uwarsa tana yawo a rana, shi kuma uban 'yan kunya ya ɓoye mata takalma. Wallahi raina ya ɓaci, na wanke shi tas, amma ko gezau.

Kwana huɗu tana kwance tana huci, sai ta aiko a kira ni.

"Abida, mutum nawa suka zo dubiyata?"

"Ai duk gari ne, Mma."

"To, rashin tarbiyya ne in ƙi zuwa yi musu godiya. Mutaru, miƙo takalmana!"

Kai, wannan mata! Wa zai hana a je godiya? Kuma wa zai hau moto daga ƙofa zuwa ƙofa? Muka fara da gidan da ke kallonmu. Mako na biyu mun kai bayan masallaci, na biyar muna bakin kasuwa. Tana tafe tana ba ni tarihin auren kowane gida. Ko'ina a cika mana kwano da soyayyen nama da wagashi, wato cuku, ta karɓa da hannu biyu, ta miƙo mini. Ita ta rame, ni na yi ƙiba. Sau ɗaya numfashi ya gagare ta, muka zauna a kan benci, kashegari da kanta ta kai wa Fauziya rahoto.

Ranar da likita ya ce ta tafi, a tsakar asibiti ta saki guɗa, na ce yau za a kore mu.

A Salaga ni na riƙe mata ƙwarya. Ta zuba wa Mudassira ruwan lalle, ta cuɗa mata baya a hankali, yarinya tana kuka, ni ma ina yi. Da ta gama ta fito da hannun riga jiƙe sharkaf, mata sun cika tsakar gida suna jiran guɗa. Ba ta yi ba tukuna. Ta tsaya ta share fuska, ta ce a hankali, "Taslima, na wanke miki ita."