Telan da Agogo Ke Fitarwa Daga Layi

Ina tsaye a layin karɓar katin shaida. A gabana akwai wani dattijo siriri, tef ɗin awo rataye a wuyansa, da gani tela ne. Rigarsa ta sha guga, ya rungume wata 'yar jakar fata kamar amana. Bini-bini yana duba agogon hannunsa.

Awa uku ke nan muna tsaye. Saura mutum biyu a zo kansa, sai agogon ya ɗau ƙara. Ya yi ajiyar zuciya, ya fita daga layi.

"Haba Baba," in ji matar da ke bayana, "ka daure mana, an kusa zuwa kanka!"

"'Yata, ba ni da ta cewa," ya ce yana murmushi. "Bara aka cire min mafitsara. Likitoci suka yanki hanjina, suka ɗinka min wata a ciki. Duk awa huɗu sai na zura siririyar roba ta cibiya na zubar da fitsarin. Shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin nasu ba. Ba zan ɓarka shi saboda kati ba."

Ya nufi banɗaki a natse. Ina tunanin sau nawa wannan ƙarar ta tayar da shi daga kan keken ɗinki, ko daga barci mai daɗi.

Layi ya motsa. Gurbinsa na nan a buɗe, kuma duk gajiyarmu, babu wanda ya taka shi.