Kwafi ko Kwatance: Tunawa da Malam Bello

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kan moto, wato babur ɗin haya, a hanyar kasuwar Garwa wayata ta yi ƙara. Hajiya Dija ce, matar Malam Bello. "Asma'u, malaminki ya cika," ta ce. Na ce wa mai moto ya tsaya.

Shi ya koya mini rubuta manhajar kwamfuta, a wani ɗaki bayan shagon yadin mahaifinsa. Mutum ne mai sanyin magana, amma ya tsani a ce masa "ai yana aiki". Sai ya gyara tabarau ya ce, "Yana aiki, ko dai ranar ɓacinsa ce ba ta zo ba?"

Akwai darasin da ya nanata har muka riƙa tsokanarsa da shi. A cikin manhaja, lamba, in ka ba wani, kwafinta ka ba shi. Ya canza tasa, taka tana nan. Amma bayanin mutum da ke cikin jeri, kwatancen gidansa kawai kake riƙewa, kuma duk wanda ka ba wannan kwatance gida ɗaya zai shiga. "Kafin ki taɓa komai," yakan ce, "ki san abin da ke hannunki, kwafi ko kwatance."

Aikinmu na ƙarshe na wani ƙaramin asibiti ne a Ngong, manhajar da ke riƙe da marasa lafiya da yawan maganin kowa. Makon da Malam ya kwanta rashin lafiya, ina gwajin manhajar, na ƙara wa wani dattijo magani, sai na ga ya ƙaru wa wani jariri. Kwatance ɗaya ya haɗa su. Na kira shi hankali a tashe. Cikin tari ya ce, "Kar ki ba su aikin tukuna. In na tashi mu bi shi tare."

Bai tashi ba. Na gyara inda na gani, amma wallahi inda ban gani ba nake tsoro. Jiya infirmiyen asibitin, wato nas ɗinsu, ya kira, ya yi ta'aziyya, sannan ya ce, "Madam, yaushe za mu fara?" Na ce ya ƙara haƙuri, don wanda zai duba ya ce mini "to, ba su" yana kabari.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Hajiya Dija da yara haƙuri, Ya raya su cikin albarka. Allah Ya tsare jariran Ngong daga kuskuren hannuna. Amin.