Ruwan Zafin Inna

A garinmu, can gefen Matankari, akwai wani foraji marar kunya. Masu haƙa sun nitsa ƙasa sosai har suka taɓo ruwa mai zafi, amma abin da ke fitowa daga bakin pampon bai fi fitsarin akuya ba. Kafin bido ɗaya ya cika, kin gama jin asirin gidaje uku.

Duk garin mahaifiyata kaɗai ke ƙaunarsa. Gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye. Kullum da hantsi takan dogara sanda ta je, ta tara kwano, ta zauna tana zuba wa ƙafafunta. Da wannan ruwan take iya zuwa kasuwa da gidan suna. A wurinta Doguwa, aljanar wurin, ita ce ke dafa shi, kuma ba ta neman ra'ayin kowa.

Ni kuwa a shekarar aka naɗa ni shugabar komitin ruwa, kaina ya kumbura. Na yi ta zarya zuwa Dogon Dutsi har aka turo mana masu gyara. Babbansu ya tara mu a gindin gawo ya ce za su ɗura ruwa cikin ramin da ƙarfin inji, dutsen da ke ƙasa ya tsattsage, hanyoyin ruwa su buɗe. Sai dai motar ruwansu ta mutu a hanya. Kwana biyu cur matan gari muna jan guga a tsohuwar rijiya muna cika musu tanki. Wata maƙwabciyarmu ta rantse tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin an shayar da rijiya ba.

Inna ta ja ni gefe. "Ɗiyata, kin tambaye su in zahin ruwan na nan bayan sun gama?"

"Inna, mutanen ga sun yi lakkwal, sun sha boko, ki bar su da aikinsu."

Ban tambaya ba. Kunya nake ji in kai maganar gwiwa gaban masu hular kwano.

Rana ta uku injin ya yi ta gurnani, sai ruwa ya ɓalle, kaurinsa ya kai cinya. Mata suka ɗau guɗa, har da masu ɗaga hannuna sama. Na tara tafina, na ji shi sanyi ƙalau. Babban nasu ya ce tsagar ta haɗu da ruwan da ke sama, ai haka ma ya fi daɗin sha. Nan take na tuna da gwiwoyin Inna.

Washegari Inna ta zo da hantsi kamar kullum. Aka buɗe mata hanya, don yanzu uwar shugaba ce. Ta zuba a gwiwa sau ɗaya, ta jira, ta ƙara. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ƙi, sai ta miƙo mini hannu.

"Kama ni, shugaba. Kai ni gida."