Ɗan Wace Unguwa Ne An?

A shekarar da fari ya sake dawo mana, zamanin mulkin soja, wutar da muke ji a gidanmu na Tawa ba ta itace ba ce. Karan gero ne da busasshen kashin shanu, hayaƙi ya fi ɗumi yawa. Amma da zarar an idar da sallar isha'i kakarmu Ramatu ta jawo tabarma kusa da murhu, ba ka jin yaron da ke kuka da hayaƙi. Tsohuwa ce 'yar firit, haƙora jajur da goro, ba ta barin magana ta kwana a cikinta.

Ina ajin ƙarshe na firamare, wadda mu muke kira lakwal. Malaminmu, Mushe Idi (haka muke ce wa malam da Faransanci), ya zaɓe ni in yi rubutu da Faransanci a kan fari, in karanta gaban wani babban soja da zai zo kallon dashen itatuwa a makarantarmu. Har jimlar farko ya ba ni: an sare itatuwa, shi ya sa hamada ta matso. A ƙarshe kuma in ja kunnen mata su daina shiga daji da gatari.

A makon nan ne masu tsaron daji suka ƙwace gatarin mahaifiyata a hanyar Kalfu saboda busasshen reshe, suka kira ta mai kashe ƙasa a gaban jama'a. Ta dawo ta shige ɗaki. Tuwo ma sai dai a kai a dawo da shi.

Da na fassara wa Kaka jimlar Mushe, sai ta tofar da goronta.

"Shi An ɗin ga, ɗan wace unguwa na?"

"Kaka, ba mutum ba ne. Haka ake faɗi."

"To zamna, ɗiyal lakwal. Ga ta nan, ga ta nanku, yau da gatari taz zo."

"Ta zo mu jiya!"

Wai namun daji suna da gawo guda ɗaya a bakin tabki, shi ke ba su inuwa da abinci in rani ya tsananta. Kura ta riƙa sare rassansa tana kai wa maƙera, su biya ta da nama, ita kuma ta ajiye wa Zaki cinya. Kullum safe Zaki ya yi ruri, wa ya taɓa gawo? Kowa ya sunkuyar da kai ya ce, an sare. Zaki ya ce a kamo masa An. Aka duba rami, aka duba kogo, babu An babu dalilinsa. Sai aka ga Akuya da ganye a baki, aka ce ai ga shi.

An kayar da ita ke nan za a yanka, Bushiya ta mirgino tsakar fili. A nan Kaka ke matse murya ta koma siririya.

"Ranka shi daɗe, ni na ga An. Ƙahwahunai na baya gajeru na, in yay yi dariya daji duka na ji."

Duk dabbobi suka juya suka zuba wa Kura ido.

Na ce, "Zaki ya hukunta ta?"

"Ni ban ce ba. Wanda yac ci cinya? Amma dai ba a yanka Akuya ba. Ƙurunƙus, ku tashi kahin hayaƙi shi cinye muku idanu."

Duk unguwarmu babu wanda bai san An ɗinmu ba. Wani ɗan kwangila ne da ake kira Mai-Kamyo, wato mai babbar mota, motarsa na shigowa gari maƙare da ɗanyen gawo da bagaruwa, masu tsaron daji na ɗaga mata hannu. Haka na rubuta, tiryan-tiryan: motar wane ce ke kwaso ɗanyen itace, mahaifiyata busasshen reshe ta ɗauko.

Mushe Idi ya karanta, gumi ya karyo masa.

"Zainabu, so kike a ɗaure ni? Shahe sunan ga, ki mai da an."

"Mushe, kai kac ce kowace jimla da mai aikinta."

Na sha bulala ranar, kuma ban goge ba. Aka ba wani ɗan ajinmu karatun, ni aka tura ni can bayan layi. Na ji haushi ƙwarai, har yau ma in na tuna ina ji, ko da yake yanzu na san mutumin tsoro yake ji, yana da iyali.

Da yamma Kaka ta ce ba tatsuniya yau, ni ce da fili. Ta aika aka kira matan maƙwabta, na karanta musu rubutun nawa da Hausa a bakin murhu. Ina cikin karatu na ji motsin asabari. Mahaifiyata ce ta fito, ta zauna, ta jawo kwanon tuwo gabanta.

"Sake karanta wurin motan nan," in ji ta.

Gatarin bai dawo ba, motar ma ba ta fasa shigowa ba. Na daɗe ina ganin Bushiya ba ta ci nasara ba, tunda Kura ta sha. Sai da na girma na gane ba Kura ta fito kamawa ba, Akuya ta fito ceto.

Yanzu Ingilishi nake koya wa 'yan firamare a nan Tawa, harshen da shi ma yana da tasa dabarar ɓoye mai aiki. In yaro ya rubuto mini cewa an cika magudanar ruwa da leda, sai in mayar masa da takardarsa, in ce ya je ya duba da idonsa, ya dawo da wanda ya zuba. Kwanan baya wani uba ya tare ni a ƙofar aji, fuska a murtuke, ya ce an ce ina koya wa yara tsaurin ido.

Na gaishe shi da kyau, na ba shi kujera. Sannan na ce, "Alhaji, wa yac ce?"