Wuƙar da Baba Mai Dutse ya naɗe wa jikansa

Shagona na ɗinki yana jingine da rumfar Baba Mai Dutse, saboda haka na fi kowa shan ƙarar injinsa. Wasa wuƙa ce sana'arsa tun kafin in iya zura zare a allura. Zai taka feda da ƙafa, dutsen ya juya, tartsatsi ya yi ta tashi, shi kuwa ko ƙiftawa ba ya yi. Mahauta ne ke fara zuwa, sai matan unguwa da wuƙaƙen girki, sai mu teloli da almakashi. Kafin ya taɓa wuƙa sai ya tambayi abin da za a yanka da ita, domin a wurinsa kaifin nama daban, na albasa daban. In ya gama ya naɗe ta a takarda ya miƙa maka. Ba mai gwada kaifinta a gabansa, sai dai in kana neman zagi.

A 'yan shekarun nan masu zuwa suka sauya. Yara waɗanda ko gashin baki bai fito musu ba suka fara kawo wuƙa, wai a yi mata baki biyu da tsini. Korarsu yake yi. Su kuma sai su wuce wurin wani mai inji a bayan kasuwa, wanda ba ya tambayar kowa komai. Mutumin nan ko gaisuwarsa ba na amsawa.

Abin da ke cin ran Baba shi ne jikansa, ɗan 'yarsa, wanda ubansa ya rasu. Yaron ya bar makaranta ya shiga cikin 'yan layinsu, waɗanda ke gaba da 'yan tsallaken titi a kan abin da ko su ba za su iya faɗa maka ba. Baba ya ƙudura zai fitar da shi daga ƙasar. Duk sanda wani direban babbar mota da ke ƙetare iyakoki ya kawo wuƙarsa, sai ya tsare shi da tambaya.

"Malam direba, a ƙasashen da kake zuwa, ina ne yara ba sa kashe juna?"

"Baba, akwai inda abin ya yi sauƙi, gaskiya. Wata ƙasar faɗansu bai wuce naushi ba. Wata kuma wuƙa ma raini ce, bindiga suke ɗauka. Amma inda ake zaune lafiyar nan, wa zai bar ka ka shigo da yaro haka kawai?"

Baba ya ci gaba da taka feda.

Wata rana da azahar yaron ya shigo rumfar. Da can in ya zo sai ya fara tsokanar tsohon, ya ce ido ya tafi, lokacin ajiye aiki ya yi. Ran nan ko murmushi babu. Ya zaro wuƙa daga ƙugu ya ajiye a kan benci.

"Kaka, wasa min. Yau za su tare ni a hanyar gida."

"To ka zauna nan, kada ka koma."

"Sun san gidanmu, Kaka. In ban fita ba, Mama za su je wa. In ba za ka wasa ba, in tafi bayan kasuwa."

Na bar keken ɗinki na tsaya a bakin ƙofa. Baba ya ɗauki wuƙar ya taka feda. Na daɗe ina kallon aikinsa, na san a kwance yake ɗora wuƙa a kan dutse. Wannan karon a tsaye ya ɗora ta, ya danna bakin sosai har ya cinye kaifin ƙarƙaf. Yaron yana ta leƙen titi, bai lura ba. Baba ya naɗe ta a takarda ya miƙa masa, ya karɓa ya soke a ƙugu ya fita.

Har la'asar ta wuce Baba bai sake taɓa injin ba. Wani mahauci ya zo ya gaji da sallama ya tafi. Na kai masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Can muka ji ihu daga wajen tsallaken titi, mutane suna gudu, wasu suna jan ƙofofin shago. Ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna. Sai ya kama hannuna da ƙarfi.

"Tela, je ka duba min," in ji shi. "Ni ban sani ba ko ɗan wani na ceta, ko nawa na kashe."